Ƙararrawar da Aka Lulluɓe da Bargo

Abin da idona ya fara sauka a kai da muka isa garin su Malama Rahila shi ne wani ƙarfe rataye a reshen mangwaro, an lulluɓe shi da bargo, an ɗaure da igiya, kamar mai zazzaɓi. Garin akwai sanyi, amma ban taɓa jin an ce ƙarfe yana jin sanyi ba. Na so in tambaya, bakina ya ƙi buɗuwa. Ban san a kan ƙarfen nan ne ake shirin ɗauke uban amarya tun kafin a ɗaura aure ba.

Tun da muka koma makaranta kuke tare ni: “Safiyya, ya garin yake? Me kuka ci? Da gaske kin shiga coci?” Kun san halina, in mutane suka zuba mini ido sai maganar ta maƙale a wuya. Shi ya sa na rubuta, ku karanta ku miƙa wa juna. Sunan garin kaɗai zan ɓoye, domin maganar tana gaban kotu.

Ga wanda bai san ta ba, Malama Rahila ita ta koya mana lissafi tun muna aji ɗaya. Kirista ce, ’yar wani fasto a can cikin duwatsu, gaba da Jos. Da za ta tafi gida aure ta gayyaci ajinmu gaba ɗaya. Kowa ta ce za ta je, da lokaci ya yi iyaye suka hana. Ni ma Abba a’a ya fara cewa. Sai Gwaggo Dije, yayarsa, wadda ta daɗe tana yi wa Malama ɗinki a Shahuci cikin birnin Kano, ta zo gidanmu a Kabara ta zauna a kan tabarmarsa.

“Ni na ɗinka kayan amarya, ni zan sa mata lalle,” in ji ta. “Ba ni yarinyar nan mu tafi, ko ta ga duniya ta daina hira da bango.”

Abba ba ya musu da Gwaggo. Babu mai yi.

Ranar Laraba da sassafe muka kama hanya, da akwatin kayan amarya da wata ƙatuwar kwalla cike da alkaki da dubulan. Tun a tasha Gwaggo ta yi faɗa da yaron mota, don ya ce a ɗora kwallar a saman mota tare da buhunan albasa. A cinyarta ta riƙe ta. Kusa da ni wani tsoho ne mai farin gemu, yana jan carbi yana gyangyaɗi, duk ramin da muka faɗa sai ya farka ya ce, “Allah ya shirya masu mulki,” ya koma barci. A dajin Falgore na ga birai zaune a bakin titi suna kallon motoci kamar masu jiran wani.

A iyakar jiha muka tarar da shinge. Wani jami’in tsaro ya buga jikin motar ya ce kowa ya sauko, ya wuce a ƙafa, hannu sama. Gwaggo ta ɗora kwallarta a ka, ta dafe da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan.

“Mama, biyu aka ce!”

“Ɗan nan, in na ɗaga biyu alkakin amarya ya zube, kai za ka soya mata wani?”

Ya juya kai yana ɓoye dariya, ya ce ta wuce. Ni kuwa na ɗaga duka biyun, hijabina ya zame har gwiwar hannu, kunya ta rufe ni. A gabana tsohon nan ne, carbinsa na lilo a sama, yana wucewa gaban yaron da bai wuce jikansa ba. Na lura babu wanda ya kalli ɗan’uwansa har muka koma mota.

A Jos muka canja mota, Gwaggo ta saya mana masara gasassa. Daga nan hanya ta koma kwana-kwana tana hawa dutse, masarar ta ce ba ta san zancen ba. Na yi amai a leda, ina ta ba mutane haƙuri a cikin raina. Wata mata mai sarƙar gicciye a wuya ta ɓantaro citta ta miƙo mini ta ce, “Tauna, ’yata, hanyarmu haka take gaida baƙi.” Ban ma iya yi mata godiya da kyau ba har ta sauka.

A ƙaramar tashar ƙarshe ƙanen Malama ya tare mu da a-kori-kura. Sunansa Iliya, dogo, mai saurin magana. Daf da gari muka wuce wata katafila a gindin dutse, an kewaye ta da waya, wani mutum zaune a inuwarta. Iliya ya ja tsaki ya ce, “Ga waɗansu baƙin namu can, su ba a gayyace su ba.” Bai ƙara ba.

A gidan fasto aka sauke mu, jikin cocin. Kowa Baba yake ce masa, matarsa kuma Mama. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su, Mama ta ɗago ni ta rungume, abin da ko Ummana ba ta cika yi ba. Ta kai mu ɗaki, sai ga sabuwar buta da sabuwar tabarma, an kuma ja layi da gawayi a jikin bango.

“Nan ne gabas ɗinku,” in ji ta. “Baba ya je har ruga ya tambayo Ardo. Tukunyarku ma sabuwa ce, kazar kuma ɗan Ardo ne ya yanka. Ku ci babu shakka.”

Gwaggo, wadda ta ɓoye garin kwaki da ƙuli-ƙuli a ƙasan akwati saboda ko-ta-kwana, ta sunkuyar da kai don kunya. Ban taɓa ganin haka ba.

Abincinsu na farko da na ci shi ne gwate, wani fate-fate na acca da ganye mai ɗan tsami. Cokalin farko na ɓata fuska, kafin in ankara na ga ƙasan kwano. Dankalin Turawa kuwa a wurinsu kamar gero ne a wurinmu, safe da rana. Su maza da mata a tsakar gida ɗaya suke cin abinci, kuma ba mai kai loma baki sai an rufe ido an yi addu’a. Ranar farko har na kai loma, na tsaya da ita a baki ba taunawa sai da suka ce amin. Sanyi ya fi komai ba ni wahala. Mama ta kawo mini wani bargo mai kauri, ruwan ƙasa, mai ƙamshin man zafi, na shige ciki har kai.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, wata ’yar jaka a bayan ƙofar falo, baki a buɗe, ina hango kofi da buroshi da ledar magani, ga shi ba wanda ya ce zai yi tafiya. Na biyu Malama kanta. Dariyarta ba ta kai yadda muka sani a aji ba.

Washegari da ake gwajin kaya Gwaggo ta kama kugun rigar ta ce, “Rahila, wannan ba awon da na ɗauka ba ne. Amarya ake yi ko jinya?” Sai Malama ta zauna a bakin gado, hawaye suka zubo. Na juya zan fita, ta ce in zauna, ai na girma.

Ga abin da ta faɗa mana. Ƙarfen nan na jikin mangwaro tsohon wilin babbar mota ne, shi ne ƙararrawar cocinsu. Abu uku ake buga wa shi: sujada, wato ibadarsu, da mutuwa, da gobara. Duk wanda ya ji shi yakan bar abin da yake yi ya taho. To, kantoman ƙaramar hukumarsu yana so a ba masu haƙar ma’adinai gonakin bayan dutse. Ana bukatar shaidar cewa mutanen gari sun yarda: a tara su, su ɗaga hannu, a ɗauki hoto. An sa mai unguwa ya buga ganga, ba wanda ya fito, don kowa ya san zancen. Sai aka aiko wa Baba cewa ya buga ƙararrawa. Ya ƙi. Ya lulluɓe ta, ya ɓoye gudumar, don kada a saye wani yaro ya buga. Sakataren kantoma ya ce in makon nan ya ƙare bai buga ba, za a zo a tafi da shi da laifin tunzura jama’a.

“Asabar ne ɗaurin auren,” in ji Malama. “Shi ya ɗaura wa rabin garin nan aure. Ni kaɗai ce ’yarsa mace, Gwaggo. Ina tsoron in shiga coci in tarar wani ne a tsaye a wurinsa.”

Gwaggo ta cire allura daga bakinta ta ce, “Tashi in rage kugun nan. Allah na nan.”

Ranar Juma’a da hantsi aka zauna sa lalle a tsakar gida. Gwaggo na zane, ni ina riƙe da hannun Malama don kada ta motsa. Gefe guda Baba na gyaran ƙafar wani benci. Sai ga wani dattijon cocin, Baba Bitrus, tsohon ma’aikacin gwamnati, ya shigo da sandarsa. Iliya ma yana nan yana jera kujeru. Ban ɗaga kai ba, amma kunnena bai bar ko kalma ba.

“Fasto,” in ji Baba Bitrus, “kai da bakinka ka koya mana cewa mulki daga Allah yake, mai bijire wa hukuma da Allah yake ja. Buga ƙarfe ne fa kawai. Ka buga, mai zuwa ya zo. In akwai alhaki yana wuyan wanda ya ba da umarni. Ka bar yarinyar nan ta yi aurenta da ubanta a gabanta.”

Hannun Malama ya motsa a cikin nawa. Gwaggo ta ce, “Tsaya mana, za ki ɓata mini fure.”

Iliya ya dire kujera da ƙarfi. “Baba Bitrus, makiyayin da ya koma cin tumaki sunansa kura, ko da sanda a hannunsa. Wane mulkin Allah ne zai ƙwace gonar gwauruwa? Ni a ba ni gudumar. In na buga samari suka fito, kafin la’asar katafilar nan ta zama toka.”

“Ka ji ko? Ka ji irin ’ya’yan da kake tarawa?”

“Gara mu da masu jiran fansho!”

“Iliya,” in ji Mama daga bakin murhu, “sa’anka ne?” Ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri.

Baba ya gama buga ƙusarsa tukuna. Mutum ne gajere, muryarsa ba ta da ƙarfi, sai ka matso kake ji.

“Bitrus, haraji na biya. Da aka ce a fito gyaran hanya ni na fara ɗaukar diga. Kowace Lahadi ina yi wa kantoma addu’a, har Iliya ya daina cewa amin. Duk abin da yake hakkinsa na ba shi, kuma zan ci gaba. Amma ƙarfen can ba nasa ba ne, ba nawa ba ne.” Sai ya juyo wajena. “’Yar Kano, in kika ji lasifikar masallacinku ta buɗe ba lokacin salla ba, me za ki ce?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, “An yi rasuwa. Ko yaro ya ɓata.”

“In kika fito da gudu kika tarar wayo aka yi miki don a karɓi gidanku?”

“Gobe ba zan fito ba.”

“To ka ji, Bitrus. Ranar da gobara ta tashi fa? Hukuma tana da gangarta, ta buga. In ta ce in yi ƙarya da kiran Allah, nan biyayyata ta tsaya.” Ya dubi ɗansa. “Kai kuma kantoma ne, kujera kawai ka rasa. Shi yana so in tara masa mutane don bukatarsa, kai ma haka. Mutumin da ke gadin katafilar nan ɗan wani ne.”

“To mu naɗe hannu a cinye mu? Ai ba duk fastoci ne suka ce haka ba, Baba.”

“Na sani. Akwai masu tsoron Allah da suka ce in azzalumi ya wuce gona da iri a tashi a tare shi, ban kuwa ce sun yi ƙarya ba. Amma yawancinsu cewa suka yi masu riƙe da amanar jama’a su tsaya a gaba, alƙalai da dattawan ƙasa, ba duk saurayin da ya sami galan ɗin fetur ba. Wa ya ce mun naɗe hannu? Mun kai ƙara. Na je ofishinsa na gaya masa a idonsa zalunci yake yi. Zan ƙi, in faɗi dalilina a fili, abin da ya biyo baya in ɗauka. Ga jakata can bayan ƙofa.”

Ba wanda ya gamsu. Baba Bitrus ya tafi yana girgiza kai, Iliya ya fice ko rigar sanyi bai ɗauka ba. Ni dai na yi mamaki, addininsu ɗaya, cocinsu ɗaya, kowa kuma da Allah yake kafa hujja. Na tuna zauren Kakanmu, yadda malamai kan yi ta ja-in-ja a kan mas’ala ɗaya har shayi ya huce. Gwaggo ta ce wa Mama, “Mu ma limaminmu yana yi wa shugabanni addu’a ranar Juma’a. Wani sa’in amin ɗin sai an taya ta fitowa.” Mama ta yi dariya har da tari. Malama ba ta yi ba.

Asabar ta waye ba ƙararrawa. Maimakonta matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocin, suka fito da zane iri ɗaya, suna buga bakin tulu da tafin hannu suna kaɗa kacau-kacau, suna bi gida-gida da waƙa. Gwaggo ta bi su. Su ma suna guɗa, amma tasu gajera ce. Da Gwaggo ta kama hanci ta saki irin ta cikin birni, karnukan garin gaba ɗaya suka amsa, yara suka biyo ta suna cewa ta ƙara. Kafin hantsi ya ɗaga coci ta cika har waje.

Ga amsar tambayarku: ban shiga ba. Mama da kanta ta sa aka ajiye mana benci a ƙarƙashin mangwaron, daidai ƙofa, muna ganin komai. Da takalmansu suke shiga, maza a dama, mata a hagu.

Saboda muna waje, mu muka fara ganin motocin. Sakataren kantoma ya fito da babbar riga, bayansa mai ɗaukar hoto, sai ’yan sanda da wani saja a gabansu. Sakataren ya dubi taron ya yi murmushi ya ce, “Ashe ma ba sai an buga ba.”

Baba ya fito ya gaishe su hannu biyu, ya ce a kawo kujeru.

“Ba zama muka zo ba, Fasto. Ka ba ni wurin tsayuwarka in yi wa mutanen nan magana kaɗan, ko kuwa ka shiga mota yanzu.”

“Yallaɓai, kai baƙon biki ne, ka shiga ka zauna a gaba, ka ci ka sha. Wurin wa’azi kam ba zan ba ka ba.”

Sakataren ya ce, “Saja, tafi da shi.”

Samari suka taso, Iliya a gaba. Baba bai ko juya ba, ya ce, “Iliya.” Suka tsaya, amma ina jin numfashinsu. A daidai lokacin Malama ta iso ƙofar gida cikin farar riga. Ta tsaya cak. Lallen da muka sa mata ya kama sosai.

Sajan ya matso ya ce, “Baba, yi haƙuri, mu je.” Jin harshensa ke da wuya Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi.

“Ɗan nan, kai ɗan ina ne?”

Ya dube ta da mamaki. “Rano, Hajiya.”

“Rano! To a Rano haka ake yi? A ɗauke waliyyi kafin a shafa fatiha? Da ƙanwarka ce tsaye can?”

“Hajiya, umarni aka ba ni.”

“An ce ka kawo shi. An ce maka kafin azahar? Ni daga Shahuci na taso da alkaki a ka, ba zan koma in ce ɗan Kano ne ya watsa biki ba.”

Sajan ya sosa ƙeya, ya dubi Malama, ya dubi samarin. Sannan ya ce wa sakataren, “Yallaɓai, tsohon nan ba gudu zai yi ba. A bar shi ya gama, ya fi mana sauƙi.” Na zaci sakataren zai yi faɗa. Sai na ga ya raɗa wa mai hoto wani abu a kunne, ya ce to.

Aka shiga, aka fara waƙa. Ni kuwa idona na kan mai hoton. Amarya ta wuce ta gabansa bai ɗauka ba. Ya je ya tsaya a gaba ta gefe, ya ba ango da amarya baya, ya saita na’urarsa kan jama’a, yatsansa a sama yana jira. Sai na tuna ranar Alhamis da na leƙa masu waƙa suna gwaji: in waƙa ta yi musu daɗi, hannu suke ɗagawa sama, su duka.

Mama na tsaye a bakin ƙofa tana shigar da baƙi. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ja gefen zanenta na ce, “Mama, hannu yake jira.” Ta dubi inda na nuna, ta dube ni, ta sunkuya ta yi wa matar benci na ƙarshe raɗa. Na ga maganar tana tafiya daga benci zuwa benci kamar iska a gonar dawa, ta tsallaka ɓangaren maza.

Ban taɓa ganin waƙa irin wannan ba. Murya har rufin kwano na amsawa, jiki na rausaya, amma kowa ya riƙe bayan bencin gabansa, waɗansu sun harɗe hannu a baya kamar ’yan firamare. Wata tsohuwa ta manta, hannunta ya fara tashi, jikarta ta kamo shi ta rungume. Har Baba Bitrus na gani ya dafe sandarsa da hannu biyu. Mai hoton ya gaji da tsayuwa, ƙarshe ya juya ya ɗauki amarya.

Baba ne ya ɗaura auren. Da ya zo sa musu albarka ya ɗora tafinsa a kawunansu. Daga nan ya yi addu’a ga ƙasa, ga alƙalai, ga kantoma, ya roƙa masa lafiya da tsoron Allah da mashawarta na gari. Sakataren na zaune a gaba, ya rasa inda zai sa idonsa. Na nemi bakin Iliya da aka ce amin. Ya motsa, amma ba zan rantse ba.

Da aka fito Baba ya ce a fara zuba wa ’yan sanda. Sajan ya ci alkakin Gwaggo ya ce rabonsa da irinsa tun bikin yayarsa. Da aka gama Baba ya shiga gida da kansa ya ɗauko jakarsa. Mama ta leƙa ciki ta ce, “Ba bargo. Wurin can siminti ne.” Ta nufi mangwaro za ta kwance igiya.

“Bar shi, Saratu,” in ji Baba.

“To ɗayan fa yana…” Sai ta kalle ni ta kawar da kai.

A nan na gane. Barguna masu kauri biyu ne da shi. Ɗaya na kan ƙarfe, ɗayan ni nake ta barci a ciki tun ranar da muka zo, shi kuwa tsoho da ciwon ƙafa ko oho da me yake rufa. Na ruga ɗaki na naɗo shi. Da na miƙa masa na so in ce abubuwa da yawa, abin da ya fito kawai shi ne, “Na gode, Baba.”

“Ni ke da godiya, ’yar Kano. Ki gaida mahaifinki, ki ce ya yi tarbiyya.”

Ya rungumi Malama, ya ce wa ango ya riƙe amana, ya kama kafaɗar Iliya ya yi masa magana a hankali. Sannan ya shiga motar da ƙafarsa. Sajan ne ya riƙe masa jaka. Matan zumunta suka ɗauki tulunansu suka raka motar da waƙa har bakin gari, yanzu kam hannuwa a sama, don mai hoto ya riga ya shige mota da kwanon shinkafa a cinya.

Washegari muka juyo. Mama ta cika kwallar Gwaggo da acca da dankali, ta kuma sa mini citta a aljihu saboda hanya. A shingen iyaka aka sake cewa hannu sama. Na ɗaga kamar kowa, ba abin da ya rage ni. Sai dai wannan karon na san akwai ɗagawar da ba komai, akwai wadda gona ke tafiya a cikinta. Da na ba Abba labari sai ya ce, “Allah ya fitar da bawan Allahn nan.” Ya kuma ce Gwaggo ba za ta canja ba har abada.

Bayan ’yan kwanaki Malama ta kira wayar Umma. An ba da belin Baba, ya dawo da tari amma yana samun sauƙi. Katafila na nan, shari’a na nan, Iliya da Baba Bitrus kuma har yanzu ba sa zama benci ɗaya. Na tambaye ta ƙarfen fa. Ta ce yana lulluɓe, Baba ya ce sai ranar da ba mai neman aron muryarsa.

Ta ce me zan so ta aiko mini, tunda ban karɓi komai ba a bikin.  Na ce, “Malama, na yi kwanaki kusa da ƙarfen nan ban taɓa jin muryarsa ba. Don Allah ranar da aka kwance bargon, ki kira wayar Umma, ko muna cikin cin abinci ne. Ba sai kin yi magana ba. Ki ɗaga wayar sama kawai in ji.”